I'izari da sukar shaida a shari'ar mallakar shanu

I'izari da sukar shaida matakai biyu ne na shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, waɗanda kotunan shari'a na Arewacin Najeriya ke bi kafin yanke hukunci. Sukar shaida, wadda malaman fiƙihu ke kira tajrihi, ita ce damar da ake bai wa wanda aka yi shaida a kansa ya faɗi dalilin da zai sa a ƙi karɓar maganar mai shaidar. I'izari kuwa shi ne tambayar ƙarshe da alƙali yake yi wa wanda hukunci zai hau kansa, ko yana da sauran hujja. Kowannensu yana da lokacinsa, kuma wanda ya bari lokacin ya wuce yana iya rasa dukiyarsa ko da sukar da yake da ita mai ƙarfi ce. Wannan muƙala ta duba yadda ƙa'idojin suke aiki a ƙarar mallakar saniya, irin wadda ake samu a ƙasar Miga da sauran garuruwan fadamar Kogin Haɗejiya a Jihar Jigawa.

Asalin kalmomin

I'izari kalmar aro ce daga Larabci. Saiwarta ɗaya da ta kalmar uzuri, wadda ta daɗe da zama 'yar gida a Hausa, kuma ma'anarta ta asali ita ce yanke wa mutum uzuri, wato a ba shi dama har ya zamana ba shi da sauran abin fakewa. Sautin Larabcin da ake furtawa da harshe tsakanin haƙora ya koma z a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a zikiri da izini da azaba. A takardun kotu ana ganin kalmar da rubutu iri-iri: i'izari, izari, i'izar.

Tajrihi ya fito ne daga saiwar da ke nufin yi wa jiki rauni. Abin sha'awa, Hausa ma hanyar da ta bi ke nan, domin suka daga soka take, kamar sukar mashi ko ta wuƙa. Kishiyar tajrihi ita ce tazkiyya, wato tsarkake shaida, inda wasu mutane amintattu za su tabbatar wa alƙali cewa mai shaidar adili ne.

Ita kanta kalmar shaida tana ɗauke da ma'ana uku a Hausa: mutumin da ya zo faɗin abin da ya sani, maganar da ya faɗa, da kuma alamar da ake yi wa abu don a gane shi. A shari'ar saniya duka ukun suna haɗuwa. Makiyayi zai ce yana da shaida alhali tsagar kunne yake nufi, shi kuwa alƙali mutum yake jira ya gani.

Miga da shanun fadama

Miga ƙaramar hukuma ce a masarautar Dutse, mai faɗin murabba'in kilomita 586, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 128,424. Kogin Haɗejiya, wanda yake samuwa daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa, yana ratsa yankin kafin ya wuce Auyo da Haɗejiya zuwa dausayin Haɗejiya da Nguru. Da rani, idan ciyawar tudu ta ƙare, garken shanu daga wurare masu nisa suna gangarowa fadama neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Da damina kuma ambaliya takan tashi rugage da ƙauyuka cikin gaggawa, kamar yadda aka gani a 2022. A duka lokutan biyu garke yana cuɗanya da garke, maraƙi ya bi uwar da ba tasa ba, karsana ta ɓace a nan ta ɓulla a can.

Sai dai yawancin rigimar mallaka daga amana take tasowa. Manomi ko ɗan kasuwa yakan sayi karsana ya bai wa Bafulatani kiwo, shekaru su wuce, ta haifi 'ya'ya, 'ya'yan su haihu, ba tare da an rubuta komai ba. Idan ɗayansu ya rasu, magada su ne ke tsayawa gaban alƙali. Akwai saniyar da ake bai wa yaro ranar suna, da wadda aka bayar sadaki amma ta ci gaba da zama a garken miji, da saniyar aro da Fulani ke kira haɓɓanaaye, sananniya musamman tsakanin Woɗaaɓe na Nijar, inda mai aro yake riƙe 'ya'yan da ta haifa ya mayar da uwar. Garke ɗaya da baƙo zai ɗauka na mutum ɗaya ne yana iya zama na mutum biyar ko shida. Hanya ta ƙarshe ita ce kasuwa: dabbar da ta ɓata ko aka sace tana iya shiga kara a Gujungu ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ta sauya hannu sau biyu ko uku kafin mai ita ya gan ta.

Yadda ake kafa ƙarar

Idan mutum ya ga dabba a hannun wani ya ce tasa ce, fiƙihu yana kiran ƙarar istihƙaƙi. Littattafan da alƙalai suka fi dogaro da su a nan su ne Mukhtasar na Shehu Halilu, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnada a Andalus wanda ya rasu a 1426, da sharhinta Bahja na Tasuli, da Tabsiratul Hukkam ta Ibn Farhun wanda ya rasu a 1397.

Kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Da yake saniya dukiya ce, ana tabbatar da ita da maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko namiji ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara, ko mata biyu tare da rantsuwarsa. Karɓar shaidar mata a nan ba ƙaramin abu ba ne, tunda a ruga mai tatsar saniya safe da yamma tana cikin waɗanda suka fi kowa saninta.

Shaidun sai sun yi magana a kan dabbar ita kanta, shi ya sa ake kawo ta harabar kotu ko alƙali ya aika wakilansa su gan ta. Za su ce wannan saniyar ta wane ce, kuma ba su san ya sayar da ita ko ya kyautar ba. Bayan haka mai ƙara zai rantse cewa ba ta fita daga mallakarsa ta kowace hanya ba. Tuhfa ta wajabta wannan rantsuwa a dabba da kaya, ta ɗauke ta a gona da gida.

Alamar jiki tana taimakawa, amma ita kaɗai ba ta isa. Tsagar kunne takan nuna zuri'a ko gida, ba mutum ɗaya ba, lalas kuma ana yinsa don magani kamar yadda ake yinsa don alama. A yankin da Bunaji fari ya cika ko'ina, cewa saniyata fara ce mai baƙin kunne bai ware ta daga ɗaruruwa ba. Abin da ya fi nauyi shi ne sanin asali. Idan kowane ɓangare ya kawo shaidu, Mukhtasar ya rinjayar da waɗanda suka faɗi dalilin mallaka, kamar su ce a garkensa aka haife ta, a kan waɗanda suka ce tasa ce kawai. Yana kuma rinjayarwa da daɗewar tarihi da fifikon adalci, amma ba da yawan shaidu ba. Idan hujjojin sun yi kunnen doki, dabba tana zama a hannun wanda take wurinsa bayan ya rantse.

Akwai kuma hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum alhali mai da'awa yana nan, yana gani, bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi. A gona tsakanin waɗanda ba dangi ba shekara 10 ce, a dabba kuwa littattafan sun rage ta zuwa wajen shekara 2 ko 3. Hauzi ba ya amfanar wanda aka tabbatar kiwo ko aro aka ba shi, komai daɗewa.

Abubuwan da ake sukar shaida da su

Mafi yawan suka a kan tuhuma take. Uba ba ya yi wa ɗansa shaida, ɗa ba ya yi wa ubansa, haka miji da mata. Ɗan'uwa ana karɓar tasa idan ya yi fice a adalci kuma ba a ƙarƙashin ciyarwar ɗan'uwan yake ba. Ƙiyayya ta duniya tsakanin mai shaida da wanda ake shaida a kansa tana kayar da shaidar, kamar a ce suna da tsohuwar rigimar ɓarnar gona ko ta burtali. Haka duk wanda shaidarsa za ta jawo masa amfani ko ta kare shi daga asara. Dillalin da ya karɓi la'ada a cinikin, da wanda ya sayar da saniyar wanda za a koma kansa idan mai saye ya faɗi, da yaron kiwon da ake zargi da sakaci, duk suna iya shiga wannan sahu. Sai fasiƙanci bayyananne, da sanin mutum da ƙarya, da rafkana mai yawa.

Mukhtasar ya ambaci wata tuhuma da wasu kan so su jawo ta nan, wato shaidar mutumin daji ga mutumin gari. Masu sharhi sun bayyana cewa abin nufi shi ne ɗan birni ya bar maƙwabtansa ya nemo baƙauye ya kafa shi shaidar cinikin da aka yi cikin gari, wanda abu ne da ba a saba ba. Bai shafi abin da mutum ya ci karo da shi ko ya faru a daji ba. Wanda ya ce a ƙi shaidar makiyayi a kan saniya don shi mazaunin ruga ne ya ɗauko ƙa'idar daga inda ba gurbinta ba.

Suka ba ta tabbata da faɗa kawai. Mai suka zai kawo mutum biyu su tabbatar da ita, kuma dole su faɗi dalilin ƙarara, saɓanin masu tazkiyya waɗanda ba a tilasta su faɗin dalili. Idan suka da tazkiyya suka yi karo, suka ake gabatarwa. Alƙali ba ya hukunci da abin da shi kansa ya sani game da saniyar, amma an yarda ya yi aiki da saninsa game da adalci ko rashin adalcin mai shaida.

Lokacin suka

A aikin kotunan yau, da zarar mai shaida ya gama magana alƙali yakan juya ga ɗaya ɓangaren ya tambaye shi ko yana da suka, a rubuta amsarsa. Amsar ba ta wuce uku. Ko ya kawo sukarsa nan take, ko ya nemi lokaci, ko ya ce ba shi da suka. Ta ukun ita ce mai haɗari, domin idan abokin shari'a da bakinsa ya amince da adalcin mai shaida, alƙali yana iya dogara da wannan amincewa ba tare da neman tazkiyya ba.

Wanda ya nemi lokaci ana ba shi ajali. Tsawonsa yana ga ijtihadin alƙali, amma Tuhfa ta kawo abin da alƙalan Andalus suka saba. A abin da ba gona ko gida ba, kamar saniya, ana ba da kwana 8, sannan 6, sannan 4, sannan kwana 3 na jinkirin ƙarshe da ake kira talawwumi, jimla kwana 21. A gona da gida da gado kuwa 15 ne, da 8, da 4, da 3, jimla kwana 30, kuma yana iya kaiwa wata 3 idan shaidun suna nesa. Asalin yanka ajali ana danganta shi da wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari, inda ya umarce shi ya sa wa mai da'awar hujjar da ba ta kusa wa'adi, in ya kawo a ba shi haƙƙinsa, in ya kasa a yi hukunci a kansa.

Idan ajali ya ƙare bai kawo komai ba, alƙali yana iya yi masa ta'ajizi, wato ya rubuta cewa ya gaza. Daga nan ba a sake sauraron hujjarsa a wannan magana. Abubuwa biyar kaɗai aka keɓe waɗanda ta'ajizi ba ya rufe ƙofarsu: waƙafi, saki, nasaba, jini da 'yanta bawa. Saniya ba ta cikinsu.

Bayan an gama da shaidu da rantsuwa sai i'izari na ƙarshe. Alƙali zai tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran abin faɗa, a gaban mutum biyu adilai da za a rubuta sunansu. Malamai sun kafa hujjar wannan mataki da aya ta 15 a Suratul Isra'i, wadda ke nuna cewa azaba ba ta zuwa sai bayan aiko manzo. Zance mafi shahara a mazhaba shi ne hukuncin da aka yanke babu i'izari ɓatacce ne, kuma kotunan ɗaukaka ƙara a Najeriya sun sha rushe hukunci su mayar da shari'a a sake ta saboda wannan kaɗai. Akwai shaidun da ba a yin i'izari a kansu, daga ciki har da waɗanda suka shaida abin da ya gudana a zaman kotu, da wakilan da alƙali ya aika da kansa, da mai tazkiyyar sirri. Wanda ya yi fice a adalci kuwa ba a sauraron sukarsa sai ta ƙiyayya ko dangantaka.

Lokacin da aibin ya auku shi ma yana da hukunci. Idan fasiƙanci ya bayyana ga mai shaida bayan ya ba da shaida amma kafin hukunci, shaidar ta faɗi, don ana ɗauka dama yana ɓoye da shi. Ƙiyayyar da ta taso bayan ba da shaida kuwa ba ta kayar da ita. Hikimar a fili take: in ba haka ba, duk wanda shaida ta yi wa nauyi sai ya tare mai shaidar a bakin kotu ya ja shi da faɗa, ya dawo ya ce maƙiyinsa ne. Ƙofar ba ta rufe ruf ba ko bayan hukunci, domin Mukhtasar ya ce a warware hukuncin da aka gano an gina shi kan shaidar fasiƙai biyu ko yara biyu. Amma wannan sai an tabbatar da shi, kuma ya bambanta da mutumin da ya san dangantakar mai shaida da abokin shari'arsa tun farko, ya yi shiru, sai da ya faɗi ya tuna.

Gajartar ajalin dabba tana da dalili. Gona tana jira, saniya kuwa tana ci, tana ba da nono, tana ɗaukar ciki, tana iya mutuwa kafin a gama. Ƙa'idar Malikiyya ita ce nonon da aka tatsa kafin hukunci na wanda take hannunsa ne in ba ƙwace ya yi ba, kuɗin ciyar da ita lokacin da kotu ta tsare ta yana kan wanda aka yanke wa ita, ɗan da ta haifa kuma yana bin uwarsa zuwa ga mai ita na gaskiya.

Zaɓin mai saye

A ɗauki misalin manomin da ya sayi sa a kara don huɗa, ya biya kuɗi, ya karɓi rasit, bayan wata biyu wani ya zo da shaidu biyu cewa a garkensa aka haifi san. Idan aka yi wa manomin i'izari, Tuhfa ta ajiye masa hanya biyu. In ya ce ba shi da abin da zai tunkuɗe shaidar da shi, za a karɓi san, shi kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa. In ya ce yana da suka, za a ba shi ajali. Ya tabbatar da ita, san ya zama nasa. Ya kasa, ya rasa san kuma ba shi da damar komawa kan mai sayarwa, domin da ya ƙaryata shaidun tamkar ya yarda ne cewa cinikin ingantacce ne, zaluntarsa aka yi. Masu sharhi sun yi bayanai a kan iyakar wannan hukunci, amma ko a haka ya isa ya nuna cewa suka ba abin da ake jefawa don gwada sa'a ba ce.

A nan ne raunin aikin yake fitowa. Da yawa daga masu irin wannan shari'a ba su da lauya, wasu kuma Fulatanci ne harshensu na farko. Tambayar ko kana da suka gajeriya ce, kuma mutumin karkara da aka tarbiyyantar kan kada ya kushe dattijo a gaban jama'a yana iya cewa babu don kunya, ba tare da ya san kalmar ta shiga rijista ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci tafinta kyauta a fili ga wanda ake tuhuma da laifi, a ƙarar dukiya kuwa abin ya rataya ne kan haƙƙin sauraro na adalci gaba ɗaya. I'izarin da aka yi wa wanda bai fahimci abin da ake tambayarsa ba, da wuya a ce ya yanke masa uzuri.

Bambanci da ƙarar sata da kuma Babbar Kotu

Ƙarar mallaka dabam take da tuhumar sata. Haddi ba ya tabbata sai da maza biyu adilai ko iƙirari, don haka namiji ɗaya da rantsuwa yana iya dawo wa mutum da saniyarsa ba tare da an yanke hannun kowa ba. Shari'ar satar saniya da ta fi shahara bayan dawo da dokokin laifi na Musulunci ita ce ta Buba Bello Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a Jihar Zamfara a watan Maris na 2000.

A Babbar Kotun jiha ma akwai ƙa'idar lokaci: mai ƙin amincewa da wata takarda yana faɗa ne a daidai lokacin da aka miƙa ta. Sai dai can an fi mayar da hankali ga tambayoyin ƙure da ke gwada labarin, yayin da tajrihi yake gwada mutumin. Sashe na 256 na Dokar Shaida ta 2011 ya cire ƙararrakin da ba na laifi ba a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da kotunan yanki daga ƙarƙashinta, abin da ya bar wa ƙa'idojin Malikiyya fili.

Ɗaukaka ƙara

Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, ta koma tsarin kotunan shari'a a 2000. Wanda bai gamsu da hukuncin ƙaramar kotun shari'a ba yana zuwa babbar kotun shari'a. A can rijistar kotun farko ake karantawa, kuma sukar da ba ta ciki yana da wuya a saurare ta, sai dai a nuna cewa ba a ba da damar yinta ba.

Mataki na gaba shi ne mai sarƙaƙiya. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali na Musulunci, kamar aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. A shari'ar Magaji da Matari ta 2000 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rigimar mallakar ƙasa tsagwaronta ba ta cikin wannan hurumi, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ta sha bin wannan hanya ko bayan da jihohi suka yi dokokin faɗaɗa hurumin kotunansu. Bisa wannan ma'auni, saniyar da ake jayayya a kanta a matsayin gado ko kyauta ko sadaki tana iya zuwa gaban ƙadi-ƙadai a Dutse, wadda kuwa rigimarta ta ciniki ce ko kiwo hanyarta Babbar Kotun jiha ce. Abin da mai ƙara ya faɗa a kotun farko shi ake dubawa don tantance hanyar, kuma hukuncin da kotu marar hurumi ta yanke ana rushe shi ko da an shafe shekaru ana shari'ar.